Yatsun Baba Ha Dengkui

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ni Babban Injiniyan masana'antar siminti ta nan garin Wuzhong, a madadin hukuma, ina sanar da rasuwar Baba Ha Dengkui ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, bayan gajeriyar jinya.

Baba, shekara talatin da ɗaya kana kan tankin ruwan soda mai tayar da babban injin niƙa. Ƙarafa su nutse a ruwan sannu a hankali, wuta ta shiga kaɗan-kaɗan, har injin ya kama gudu. In soda ta yi yawa injin ya fizga, wuta ta ɗauke, in ta yi kaɗan ruwa ya tafasa. Ba ka taɓa aunawa da na'ura ba. A ɗebo maka a kofi, ka murza da yatsu biyu, santsin ya gaya maka.

Kai ka karɓi wani yaro da ya fito daga makarantar masallaci, ba abin da ya iya sai karatu da tsokana. Ka sa masa suna Biri, kana tsamo masa dabinon cikin shayinka, ka yi alkawarin koya masa murzar nan.

Wata safiya bara ka murza, ka ji santsi ya yi yawa, ka ce a ƙara ruwa. Tanki ya tafasa, injin ya ƙi tashi. Ka daɗe kana kallon hannunka.

"Biri, yatsun sun riga ni mutuwa. Me kuma zan koya maka?"

Ba ka sake taɓa kofin ba, wata bai ƙare ba ka ajiye aiki. Tun daga nan ake lallaɓawa. Ƙarafan sun cinye, awon littafi bai dace da su ba. Yau kwana tara injin na tsaye, kuma an yanke cewa in wata ya ƙare haka, a rufe sashen, magidanta sittin su koma gida. Ban ga mai tayar da shi ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba matarka Inna Guilan da 'ya'yanka haƙurin rashi.

Baba, ba Babban Injiniya ya rubuta wannan ba, shi ko sunanka bai riƙe ba. Ni ne Birinka, mai suna Na Ersa. Ni na shafa sabulu a kofin nan ranar. So na yi ka gane, ka bi ni da takalmi, a yi dariya. Sau uku na zo gidanka neman yafiya, sau uku ka sa aka zubo mini taliya, na cinye na tashi ban faɗa ba.

Da aka yi maka wanka ni na riƙe buta, na zuba ruwa a hannun nan. Yatsunka lafiyarsu ƙalau, Baba, har ranar Talata.