Ranar da Kawu Ya Zare Waya

Na yi shekaru ina aiki a ofishin wata ƙungiyar makiyaya a Bodinga. Ni ke kula da kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanan shanu: hoton kowace saniya, shaidar da ke jikinta, da mai ita. In an sace shanu aka gano su, da wannan ake raba gardama.

Rumbun nan ba a kashe shi kamar fitila. Sai ka umarce shi ya rufe, ya gama rubuta abin da ya fara, sannan a kwafe shi zuwa faifan ajiya. In aka katse shi a tsakiya, kwafin ɗanye ne, ba lallai ya buɗe ba. Faifanmu kuwa ɗaya ne, sabon kwafi na hawa kan tsoho, don shugaban ƙungiya ya ce sayen na biyu almubazzaranci ne. Shugaban kawuna ne.

Wata Alhamis ana suna a gidansa, ya zo ɗaukar janareton ofis saboda lasifika. Rumbun na cikin rufewa.

"Kawu, Allah shi daɗe da ranka, a ɗan dakata kwamfutar ta gama."

"Mi za ta gama? Baƙina na zamne cikin rana, ni in tsaya jiran inji?"

Ya zare wayar janareton da hannunsa, kwamfutar ta mutu.

Washegari kafin in iso, sakataren ƙungiya ya kunna kwamfutar. Ta yi abin da aka saita mata, ta kwafe lalatattun fayilolin kan na kirki. Rumbun ya ƙi buɗewa, kwafin ma ya ƙi.

Da damina wani dattijo ya zo daga Kajiji a bayan babur, jiƙe sharkaf. An gano shanunsa da aka sace, ana tsare da su a Shagari, amma wani ya ce nashi ne, hukuma kuma na neman shaida.

"Ɗana, ba kai ka ɗauke su hoto ba?"

Na ce ni ne, amma hotunan suna cikin rumbun da ya ƙi buɗewa. Kawu da ke zaune a ofishin ya gyara zama ya ce kayan zamani ba su da amana, ya dube ni. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a gaban mutane ba na musa masa. Na sunkuyar da kai, raina na tafasa, kuma har yau bai huce ba.

Aka raba shanun biyu. Dattijon ya tsaya yana kallo ana kora rabin garkensa zuwa gidan wani.