Bangon Siton Auduga

A bakin kasuwar 'Yankara akwai wani tsohon sito, ginin ƙasa, inda a da ake tara auduga. Da kuɗin mai suka shigo aka daina waiwayarsa, ya koma gidan jemagu, unguwar ma ta mutu tare da shi. Sai wani Alhaji mai motocin haya ya saye shi, ya yanka shi shago biyar, ya sa aka shafe bangon da siminti, aka buga fenti shuɗi. Nan da nan wuri ya farfaɗo. Mai shayi ya zo, mai gyaran rediyo ya zo, ni ma na kafa keken ɗinkina a shagon tsakiya. Inna, wadda ta haife ni, ta shimfiɗa tabarma a gindin bangon daga waje, tana sayar da daddawa da kuka.

Ni ɗan magini ne, ko da yake ban gaji sana'ar ba. Na san bangon ƙasa yaɓe yake so kowace shekara. In ka rufe shi da siminti, ruwa ya shiga ta sama ya rasa mafita, sai ya ci shi daga ciki, fuskarsa kuwa tana sheƙi.

A damina ta biyu na ƙwanƙwasa bangon, ya amsa mini kamar ƙwaryar da ba komai a ciki. Na sami Alhaji na faɗa masa, ya yi dariya har da buga cinya.

"Malam tela, siminti ne fa. Ka tsaya ga zarenka."

Inna ta fi shi taurin kai.

"In tashi in tai ina? Wanga wuri shi masu sayena suka sani."

Tun daga nan tuwo ya daina shiga. Ina taka keke, kunnena na bango. Tsoro nake ji, tsoro sosai, ga kunyar a ce ni ne mai baƙin baki a wurin da kowa ya samu abinci.

Wata ranar kasuwa da hantsi, bayan kwana uku ana ruwa, na ga jar ƙasa tana zubowa siririya a kan farin yadin da nake ɗinki. Ban san lokacin da na fita ba. "Ku fito! Ku fito!" nake ta ihu. Inna na jingine da bangon tana ƙulla daddawa. Na sunkuce ta, ni da ko sunanta ba na iya faɗa, faifanta ya kife a taɓo. Ta zabga mini mari a gaban jama'a, mutane na ta dariya.

Dariyar ba ta ƙare ba bangon ya zauna, ya zube ƙasa. Ba wani ƙara mai yawa. Tabarmarta dai ba a sake ganinta ba.

Har ta rasu ba ta taɓa tada zancen ba. Amma duk gidan da muka shiga, sai na ga ta ƙwanƙwasa bango kafin ta jingina.