Injin yanka ledar Kawu Sale

"Baba, su wa suka ga injin nan?" Tambayar da wata jami'ar ofishin rajista na Abuja ta yi wa Kawu Sale ke nan a waya, ina zaune kusa da shi ina ji.

Kawu mai walda ne a Makarfi. Ya ƙera injin da ke yanka leda ya liƙe gindinta lokaci guda, muka tura zanensa Abuja a yi masa rajista don kada a kwaikwaya.

Kawu ya gyara zama. "Ai Hajiya, kowa ya gani! Bakin shago na fito da shi, liman ya sa albarka, na buɗe cikinsa na nuna. Masu walda daga Kudan da Ikara har hoto suka ɗauka."

Ta ce, "Baba, abin da ake dubawa shi ne ko sabo ne. Abin da ka riga ka baje wa jama'a, a doka ya tashi daga sabo."

"To in yi abu in ɓoye kamar na sato?"

"E, har sai ka shigar da takarda."

Wallahi raina ya ɓaci. Kawu kuwa godiya ya yi mata. Yana ajiye waya ya jawo buhu ya rufe sabuwar wuƙar injin da yake gwadawa. Na miƙa wuya zan leƙa, ya ce, "Matsa can."

Mutumin da bai taɓa hana kowa kallon aikinsa ba fa. Ku faɗa mini, jama'a: wayo aka koya wa Kawu yau, ko rowa?