Keken Kaka Garba, Shekara Takwas a Kulle

Ƙarfe biyar saura kwata na yammar wata Alhamis na buɗe baki na faɗi abin da na gani. Bana shekara takwas ke nan da rasuwar kakana, Malam Garba, amma ni daga wannan yammar nake ƙirga rashinsa, wata goma sha ɗaya kafin a kai shi makwancinsa.

Ina dawowa daga makaranta na hango ya faɗi da kekensa a bakin Kasuwar Kure. Ya tashi, ya kakkaɓe riga, ya hau ya wuce. Shekarata goma sha uku a lokacin, kuma ba ni da yawan magana, sai dai in na fara ba na barin komai. Na gaya wa babana wurin da lokacin, har da gwiwar da ta ƙuje. Kafin magariba 'ya'yansa sun taru a zaure, an ɗaure keken da sarƙa, Baffa Sani, babban ɗansa, ya jefa makullin a aljihu. Kaka yana ɗaki yana jin su. Ba wanda ya leƙa.

Tsohon akawun jirgin ƙasa ne, a Zungeru ya fara aiki kafin a dawo da shi Minna. Kullum bayan la'asar yakan hau keken nan zuwa shagon Mista Yohanna mai gyaran rediyo, mutumin kudancin Kaduna da suka yi aiki tare. Musu ne yake kai shi. Tun shekarar da soja suka miƙa mulki, kowa a gari yake kiran 'yanci, su biyun kuwa suka kama kalmar Turanci ta liberty suna ta juya ta. Mista Yohanna ya ce ma'anarta hukuma ta cire hannu daga wuyan talaka. Kaka ya ce hakan ne, amma Bature yana sauko da ita har ƙaramin wuri: ma'aikaci in ya tashi daga aiki yana da ita, ya nufi inda ya ga dama. A gefen ƙamus ɗinsa ya rubuta da fensir: "Mutum ya zaɓi hanyarsa, ko da ta fi nisa."

Washegarin ɗaure keken, Kaka ya tare ni a tsakar gida. "Amarya, kin kai ƙarar mijinki an ɗaure masa ƙafa. To wa zai sayo miki gyaɗa?" Dariya yake yi. Na kasa ɗaga kai.

Baffa ya ce za a riƙa kai shi shagon a mota ranar Asabar. Kaka ya ce shi ba kayan doya ba ne da za a ɗauko daga Gwada a sauke. Bai sake zuwa ba. Likita ya ce hawan jini ne ajalinsa, kuma ba na jayayya da likita. Abin da yake ƙona mini rai shi ne duk shekara in an taru yi masa addu'a, sai a ce, "Mun kula da shi har ƙarshe." An kula. An ba shi magani a kan lokaci, an hana shi gishiri, an hana shi hanya.

Yanzu Turanci nake karanta a jami'a. Ina da littafi guda da nake tara jimlolin da aka yi amfani da kalmar nan ta liberty, daga jaridu da muhawarar ɗalibai. Da Kaka zai gan shi, na san tambayarsa: a cikin masu ihun nan, wa ya taɓa kai ta gida?

Makon jiya aka sake zama a zauren. An yanke cewa bayan Sallah za a mayar da Iya, matar Kaka, gidan Baffa a Abuja, inda ya koma da zama, saboda ciwon ƙafa. Iya tana ɗaki. Na yi rantsuwa wannan karon ba zan yi shiru ba. Na cika shafi uku da dalilan da za su sa a bar ta a Minna: maƙwabtanta, islamiyyarta, bishiyar gwandarta. Kafin in kai wa Baffa, na karanta mata tana tsintar wake. Ta saurara har ƙarshe. Sai na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da na riƙe tun ranar keken: ko Kaka ya tafi da fushina?

Ta ture farantin gefe.

"Ke bai taɓa jin haushinki ba, kin ga ya faɗi kin faɗa. Da an shiga an tambaye shi, da kansa zai ajiye keken, ya gaya mini ido ya fara ba shi wahala. Rashin tambayar ce ta kwantar da shi. Ke ma ga ki da shafi uku, kishiya, wa ya ce miki ba na son Abuja? Ajiye takardar nan ki tambaye ni."