Adaku da Na'urar da Ta Koyi Karɓar Alhamdulillahi

A bakin Gwaggo Hajjo na fara jin sunanta. Duk wanda ya yamutsa fuska don an kawo masa abin da bai zata ba, sai Gwaggo ta ce, “Ka karɓa mana, kamar Adaku.”

Adaku ’yar Donatus ce mai kayan keke a kasuwar Funtua. A nan aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Mai buga tafireta ce a wani ofishin aikin gona, har zuwa wajajen 1987 da aka kawo kwamfuta. Maza suka yi ta kewaya na'urar kamar sun ga kumurci, ita kuwa ta ja kujera ta koyi rubuta mata umarni.

Akwai wani guntun umarni da ta rubuta don rabon taki: a ba shi yawan buhun da manomi ya samu bara, ya fitar da kasonsa na bana. Lamba kaɗai ya sani. Da amsoshin manoman garinmu Gozaki suka iso, wani ya ce dami, wani ya ce kwando, kakana Malam Shitu da tsararrakinsa kuwa “Alhamdulillahi” suka ce, don ba a ƙirga wa Allah kyautarsa a bainar jama'a. Na'ura ta cije. Shugaban ofis ya ce a tsallake duk wanda bai ba da lamba ba, ga damina ta kunno kai. Ke nan dattawan Gozaki ba su da taki.

Adaku ta hau motar kasuwa har ƙofar gidanmu, ta zauna gaban Kaka tana lallashinsa ya faɗi lamba.

“Baba, ko a kunne ka raɗa mini.”

“’Yar Donatus, ke kina ƙirga haƙoranki in kina cin nama?”

Ta yi dariya har da hawaye. Ta wuni ana sussuka, ta ga abin da dami ke bayarwa, ta auna kwando da tiya, ta sha fura ta koma.

Sai ta sake wa umarnin hali. Kafin ya yi lissafi, ya fara duba abin da aka miƙo masa: in buhu ne ya wuce, in dami ne ko kwando ya mayar buhu, in kuwa kalma ce ya dubi faɗin gonar da abin da maƙwabta suka samu. Na'ura ta haɗiye Alhamdulillahi ba ko tari.

Ranar da takin ya sauka, Kaka ya aika mata da zabi biyu, ya ce ita ma kada ta ƙirga.

Bayan shekaru na kai mata gaisuwa, lokacin ina sakandare. Ta riƙe hannuna ta ce, “Kulu, don Allah kada ki koya wa Baba faɗin lamba. Ku bar mini shi yadda yake, kada ku ɓata mini aiki.”