Gurbin Yatsa a Wuyan Molo

A Dogarawa na tashi, a hannun kakata Hajo, tsohuwar da ko labarin kunu za ta ba ka sai gabanka ya faɗi. Bayan an gama yankan hatsi, in an yi isha'i, takan hura wutar kara a tsakar gida, ta tura mana gyaɗa cikin toka, ni da yayana Sanda mu maƙale mata. Sanda ya fi ni cika baki, amma shi ke fara riƙe mini riga.

Tatsuniyar da ta hana ni fita fitsari har mako guda ita ce ta mai gyaran molo.

"Ga ta nan tahe," in ji Kaka, "mai jin tsoro shi riƙe ɗan'uwa nai."

Wai wani makaɗi ne ya rasu, molonsa ya tsage, matarsa ta kai wa wani mai gyara a Konni. Molon nan shekara da shekaru man kaɗe kawai ake shafa masa, har itacen ya yi duhu. A bayan wuyansa akwai wani ɗan gurbi baƙi wuluk, inda babban yatsan marigayi ya ci itacen. Masu sana'ar kuwa suna da ƙa'ida a kan kayan mamaci: a liƙe tsaga, a sake fata, a shafa mai kaɗan-kaɗan da tafin hannu, amma ba a taɓa gurbin yatsa. Shi wannan mai gyaran ɗan son a yaba ne. Ya fasa kwalba, ya kankare wuyan molo har ya koma fari fat.

"Da matar ta zo, maigidana," haka Kaka ke kirana in za ta cuce ni, "ba ta yi hwaɗa ba. Ta shafa wuyan, ta sake shafawa, ta ce: Malam, ina hannun mijina? Ta aje molo ta tahi abinta."

A daren molo yana rataye, ba iska ba kowa, tsirkiya ɗaya ta yi ƙara. Da safe mutumin ya ga tabon yatsa, baƙi, mai maiƙo, a jikin ƙyaurensa. Washegari tabon na bangon ɗaki. Wanshekare yana bakin tabarmarsa. Mamaci ne ke lalube, yana neman inda ya saba aza yatsa. Nan Kaka take rage murya, mu ko gyaɗa ta ƙone ba mu sani ba.

"Rana ta huɗu ya duba ƙyaure, babu. Bango, babu. Tabarma, babu. Ya ce alhamdu lillahi. Sai ya ji wani sanyi..."

Sai ta danna mini babban yatsanta a ƙeya. Wallahi ban san lokacin da na tsallake wutar ba. Ta yi ta dariya har da tari, ta ce ƙarenta ke nan, kan kusu ya ƙone, kowa shi tahi shi kwanta.

Kaka ta daɗe da rasuwa. Ni na zama kafinta a Malbaza, kuma da hannuna na haɗa wa Sanda jita, na shafe ta da mai, domin ya ce ba ya son ƙyalli. Shekara da shekaru yana kaɗa ta. Bara ciwo ya ɗauke shi.

Kwanan baya matarsa Rabi ta kawo mini jitar, zafi ya tsaga ta, duk ta yi dauɗa. Na liƙe tsagar, na ɗauko samfefa zan goge ta kaf in sake mata mai. Ina juya wuyanta na ga gurbin, baƙi, daidai yatsan Sanda. Da rana tsaka, ga mashina na wucewa, ƙeyata ta yi sanyi. Saura ƙiris in kankare shi.

Ina yaro tsorona kada mamaci ya dawo. Ranar nan na gane abin da ya fi shi ban tsoro: in kankare, in kwanta in yi ta saurare, kuma ba wanda zai zo lalube. Ya tafi ke nan, har da ɗan abin da ya bari.

Na ajiye samfefa. Kwana bakwai ina shafa mai da tafin hannu, ina zagaye wurin.

Da Rabi ta zo karɓa, ba ta dubi tsagar ba. Wuyan ta fara juyawa. Ta aza yatsanta a gurbin.

"Yana nan," in ji ta.