Injin Ɓarar Gyaɗa Marar Marka

Wani ɗan ƙara na ji, kwal, kamar tsakuwa ta faɗa kwano. Na leƙo daga madafa, sai ga maigidana, wanda yake sana'ar walda a Magaria, ya baje injin ɓarar gyaɗata a tsakar gida, yana jefa ƙusoshin bulon ɗaya-ɗaya cikin kwanon tuwo. Injin ƙirar Sin ne, yayana ya sayo mini daga Kano.

"Malam, lafiyarsa ƙalau fa."

"Shi ya sa. Marar lafiya me zai koya mini?"

Kwana uku ban sake masa fuska ba.

Na farko da ya ƙera abin dariya ne. Ya kwaikwayi komai, har da ramukan rariyar da shekaru suka cinye suka buɗe, sai injin ya fito sabo amma da tsufansa. Na biyu ya riƙa farfasa ƙwaya. A na uku ya daina kallon na Sin, ya koma kallon gyaɗar. Ya ce tamu ta wajen garin Kwaya ƙanana ce, ga rairayi, wanda ya ƙera wancan bai taɓa riƙe ta ba. Ya matse ramuka, ya buɗe wa rairayi hanyar fita. Wallahi na huɗu ya fi nawa, ni da na yi aiki da duka biyun nake faɗa.

Sai wani furoje na masu ba da tallafi ya zo saya wa gungun mata injuna. Mutumin biro, wato ofishinsu, ya zagaya injin, hannu a aljihu, ko kunna shi bai sa an yi ba.

"Ina marka? Ina tambarin kamfani?"

"Ni na ƙera, ranka ya daɗe."

"Ayyo. Ƙirar gida."

Bai saya ba. Yadda ya ja kalmar nan har yau tana ƙona mini rai. Shekara biyu na ƙunar hannu da jan ido, an auna su da ɗan allon ƙarfe da bai kai tafin hannu ba.

Amma fushin da ya fi ci na na washegari ne. Na tarar da maigida ya ɓamɓare markar tsohon injina, ya huda jikin nasa, yana gwada ta a wurin.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Algus ke nan."

"Algus shi ne a ɓoye mummuna. Ni mai kyau nake ɓoyewa."

"To ɗanka ne za ka ba wani uba?"

Na fizge markar na ƙulle a bakin zane. Ya ce ba ni na san abin da ake ci a gidan nan ba, ya fice, injin yana tsaye da ƙananan huji huɗu a ƙirji. Na zauna a kan turmi, ban san ko na tsare masa mutunci ba ne ko na toshe mana abinci.

'Yata ta dawo daga lakwal, makarantar boko, allo a hammata. Ta daɗe tana shafa wurin hujin.

"Inna, na iya rubuta sunan Baba yanzu. In rubuta a nan, ko sai an tambayi mutanen Sin?"